Laifin da Ruwa Bai Tona Ba

Ina ɗan shekara 14 na yi wata ƙarya wadda ba ta kashe kowa ba, ba ta jawo wa kowa asarar ko sisin kwabo ba, amma har yau da na kammala digiri ban daina jin nauyinta ba. Watan Agusta ne, damina ta yi tsakiya, kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa har ya shanye hanyoyin da ake bi da ƙafa da rani. Kawuna, yayan mahaifiyata, mai fito ne a wani mashigi gabas da garin Haɗeja, kuma a wurinsa nake yin hutun makaranta, ina riƙe igiya, ina karɓar kuɗin fito.

Kawu yana da wata al'ada da ta sa sauran masu fito suke yi masa dariya. Kullum da safe, kafin ya ɗauki ko mutum ɗaya, sai ya naɗe ƙafar wando ya shiga cikin kwale-kwalen ya durƙusa, ya bi mahaɗin katakai da tafin hannu tun daga goshin jirgin har bayansa. Duk inda aka taɓa toshewa da tsumma da kwalta sai ya danna da babban yatsa, ya ga ko ruwa zai tsattsafo. Ya ɗaga filafili ya duba ko ya tsage, ya gwada ƙarfin gorar tuƙi a gwiwa, ya tabbatar ƙwaryar kwarfar ruwa tana mazauninta, sannan ya jefa kara cikin kogi ya tsaya yana kallon saurin da ruwa ke tafiya da shi. Duk wannan ba ya wuce minti goma, amma a ranar kasuwa minti goma na nufin fasinja sun koma jirgin wani.

A ranar da nake magana, an aiko kiransa da sassafe zuwa jana'izar wani maƙwabci. Da zai tafi ya ce mini, "Ɗana, shiga ka duba mini jirgin kafin in dawo, ka san yadda nake yi." Na amsa da to. Yana juya baya abokaina suka kira ni dara a gindin wata tsamiya, na ce bari in yi wasa ɗaya in tashi. Ban farga ba sai ga shi ya dawo, mutane sun cika gaɓa. Ya tambaye ni, "Ka duba?" Na ce, "Na duba, Kawu." Muka ɗauki mata masu goyo, da dattawa, da buhunan hatsi, da awaki biyu. Muka haye lafiya, muka dawo lafiya. Sawu shida muka yi ran nan, babu abin da ya faru.

Tambayar da wannan rana ta bar mini ita ce: idan mutum ya ƙi duba abin da rayukan jama'a suka rataya a kansa, sai Allah ya kiyaye kowa ya sauka lafiya, shin yana da laifi? In yana da shi, laifin nasa ya kai na wanda ya yi irin sakacinsa jirginsa ya nutse? Zan nemi amsa a wurin wasu mutane da sana'arsu ta tilasta musu ɗaukar wannan tambaya da gaske, wato matuƙan ƙananan jiragen sama.

Mu mutanen fadamar Haɗeja, ƙaramin jirgin sama ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya, ciyawar kacalla ta mamaye magudanan ruwa daga nan har Nguru, ta zama makwancin tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero da alkama. A shekarun da tsuntsayen suka yi yawa, hukuma takan ɗauko ƙaramin jirgi ya yi musu feshi da almuru, lokacin da suka koma makwanci. Mu yara mukan fito da gudu muna ɗaga masa hannu, muna ganin wanda ke ciki ya fi ƙarfin duk wata damuwa irin ta mutanen ƙasa.

Sai da na je karatu Zariya na gane kuskurena. Wani abokina tun na sakandare yana koyon tuƙi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, wadda aka kafa a 1964. Na tambaye shi abin da aka fara koya masa, ina tsammanin zai ba ni labarin gajimare. Sai ya ce zagaye jirgi da ƙafa aka fara koya masa. Ya zauna ya lissafa mini dalla-dalla, kafin ya gama kuwa Kawu nake gani durƙushe cikin kwale-kwale.

Matuƙi yakan fara da takardun jirgi, ya ga ko lokacin gyaransa bai wuce ba. Sannan ya zagaya shi daga fiffike zuwa jela, yana motsa kowane sashe mai motsi da hannu, yana duba ƙusoshi da taya da birki, yana shafa farfela ko ta sami tsaga. Yakan hau ya buɗe tanki ya ga yawan mai da idonsa, domin agogon mai yana iya yin ƙarya. Yakan tsiyayi ɗan mai daga ƙasan tanki cikin wani kofi mai garai-garai ya ɗaga shi a haske. Man irin waɗannan jirage shuɗi ake rina shi, ruwa kuwa ya fi shi nauyi, don haka in raɓa ko ruwan sama ya shiga tanki, zai kwanta a gindin kofin a gan shi. Ruwan da ba a gani ba a ƙasa, inji zai zuƙe shi a sama ya mutu. Akwai kuma wani ɗan siririn bututu mai fuskantar iska, wanda da shi ake auna gudun jirgi, dole a leƙa shi a tabbatar ba a toshe yake ba. A ranar 6 ga Fabrairu, 1996, wani babban jirgi ƙirar Boeing 757 ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Bincike ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan bututai ne ya toshe bayan jirgin ya yi makonni a ajiye, kuma masu binciken sun fi zargin zanzaro ne ya yi ɗaki a ciki. Zanzaron nan dai da muke gani yana ɗaukar laka a bakin randa.

Bayan jikin jirgi sai lissafi. Matuƙi ya haɗa nauyin mutane da kaya da mai, ya kuma san inda za a ajiye kowanne, domin kayan da suka taru a baya suna iya ɗaga goshin jirgi fiye da yadda hannu zai iya mayar da shi. Ya lura da zafin rana, saboda iska mai zafi ba ta da kauri, jirgin da ya tashi cikin sauƙi da sanyin safiya yana buƙatar titi mai tsawo da azahar ɗin watan Afrilu. Ya nemi labarin yanayi, ko hazon hunturu ya rufe inda za shi, ko hadari na haɗowa a hanya. Daga ƙarshe ya duba kansa: ko ya sami barci, ko ya sha maganin da ke sa gyangyaɗi, ko yana cikin fushi ko damuwar da za ta raba hankalinsa biyu. Dalilin wannan wahala duka guda ɗaya ne, kuma mai fito ya san shi. Mai mota in ya ji ƙarar da bai gane ba, sai ya gangara gefen titi ya buɗe inji. Sama da tsakiyar kogi ba su da gefen titi. Abin da ba a gyara a gaɓa ba, haka za a tafi da shi.

A babban kamfanin jiragen sama wannan aiki ya rarrabu a hannun mutane da yawa. Akwai injiniya mai sa hannu, da mai lissafin lodi, da mai kawo rahoton yanayi, da matuƙi na biyu wanda ke karanta jerin abubuwan dubawa da ƙarfi, na farko yana amsawa. In ɗaya ya yi sakaci, akwai fatan wani zai kama. Shi kuwa matuƙi mai zaman kansa, wanda ke tuƙa ƙaramin jirginsa don harkar gabansa, sau da yawa shi kaɗai ne a filin da sassafe. Shi ne mai dubawa, shi ne kuma wanda za a kai wa rahoto. Babu mai tambayarsa ko ya duba. Fasinjansa matarsa ce, ko 'ya'yansa, ko aminin da ya yarda da shi, waɗanda ba su san bambancin mai da ruwa a kofi ba. Wannan ne ya sa dubawar irin wannan matuƙi ta wuce batun ƙwarewa ta shiga batun amana, domin amana ita ce abin da aka bar maka a inda mai shi ba zai iya sa ido ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan duka tarbiyyar ɗan koyo ce, gwani ya wuce nan. Tarihi ya nuna akasin haka. A ranar 30 ga Oktoba, 1935, a filin Wright da ke Dayton a jihar Ohio ta Amurka, sojoji suka fito gwada wani sabon jirgi na kamfanin Boeing mai inji huɗu, wanda daga baya aka san shi da B-17. Manjo Ployer Hill, ɗaya daga cikin gwanayen gwada jirage na rundunar, shi ne a kujerar tuƙi. Jirgin ya tashi, ya miƙe sama, ya kife ya kama da wuta. Hill da wani matuƙin kamfanin suka rasu. Da aka bincika sai aka ga an manta a cire makullin da ake sa wa sassan jela don kada iska ta wujijjiga su lokacin da jirgi ke ajiye. Abokan aikinsa ba su ce a nemo wanda ya fi shi iyawa ba, domin sun san da wuya a samu. Sai suka rubuta gajeren jerin abubuwan da za a bi ɗaya bayan ɗaya kafin tashi da kafin sauka, suka wajabta wa kansu karanta shi. Daga nan wannan takarda ta bazu har ta zama doka a duk inda ake tuƙa jirgi.

Kusan shekara 79 bayan haka, a ranar 31 ga Mayu, 2014, wani jirgin alfarma mai zaman kansa ƙirar Gulfstream ya kasa tashi a Bedford ta jihar Massachusetts, ya zarce ƙarshen titi ya kama da wuta, duk mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Dalili dai shi ne wancan: ba a cire makullin iska ba. Kowane ɗaya daga cikin matuƙan biyu ya haura awa dubu goma a sama. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta bi na'urar da ke adana bayanan jirgin, ta gano cewa a kashi 98 cikin ɗari na tashi 175 da suka yi a baya, ba su yi cikakken gwajin sassan tuƙi ba, gwajin da ba ya cin minti ɗaya, wanda kuma da sun yi shi da sun ji sitiyari a daskare tun jirgi yana tsaye.

Wannan adadi ya fi komai tayar mini da hankali, domin ya nuna yadda sakaci ke girma. Sun bar gwajin rana ɗaya, suka sauka lafiya. Suka sake bari, suka sake sauka lafiya. Kowace sauka lafiya ta zame musu shaidar zur, tana gaya musu gwajin ɓata lokaci ne. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Ni ma sawu shidan da muka yi ran nan darasin banza suka koya mini, domin da yamma na kwanta ina cewa a raina ashe Kawu wahalar da kansa kawai yake yi. Wanda aka kama a sakacinsa na farko ya yi sa'a, tun da sauran damar gyara. Wanda ya daɗe yana tsira shi ne abin tausayi, don tsirar da kanta ita ke ƙara masa ƙarfin hali.

A shekarar 1877 wani masanin lissafi ɗan Ingila, William Clifford, ya rubuta maƙala a kan haƙƙin da ke kan mutum game da abin da ya yarda da shi. Ya kawo misalin wani mai jirgin ruwa da zai aika tsohon jirginsa cike da masu ƙaura. Zuciyarsa ta raya masa cewa jirgin na buƙatar gyara, amma gyara kuɗi ne, sai ya yi ta lallashin kansa da cewa ai ya sha zuwa ya dawo, har shakkar ta kwanta. Jirgin ya nutse, mutumin ya karɓi kuɗin inshora. Kowa zai ce yana da laifi. Sai Clifford ya juya misalin: a ce jirgin ya isa lafiya. A ganinsa laifin bai ragu ba ko kaɗan, domin mutumin ba shi da hujjar natsuwar da ya yi, ya same ta ne ta hanyar toshe kunnensa.

Na yarda da wannan hukunci, amma ina ganin akwai abu biyu da ya kamata a rarrabe: laifi da asara. Laifi yana kammala ne a gaɓa, a daidai lokacin da mutum ya san abin da ya kamata ya duba ya kawar da kai. Abin da ke biyo baya ya danganta da ƙarfin ruwa, da iska, da ƙwarin katako, abubuwan da ba su cikin hannunsa. Wanda jirginsa ya nutse yana da ƙarin nauyi na gaske: akwai marayu, akwai haƙƙin da za a biya, akwai idanun da ba zai iya haɗawa da nasa ba. Kotu tana da dalilin hukunta shi ta bar ɗayan, tun da kotu da abin da ya bayyana take aiki. Amma in ana maganar wane irin mutum ne, su biyun ɗaya suke. Abu ɗaya suka aikata, caca ɗaya suka yi da ran da ba nasu ba, ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi. Matan da na ɗauka ran nan sun biya kuɗin jirgin da aka duba. Abin da na ba su, a iya sanina, jirgi ne da ba a duba ba. Na cuce su ko da ba su jiƙe ba.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma ba zan raina hujjojinsu ba, don a cikinsu na girma.

Na farko su ne masu cewa komai ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko an duba jirgi sau ɗari sai ya tafi. Ban musa ƙaddara ba. Sai dai malamanmu sun karantar da mu labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya haɗa biyun, ya ɗaure sannan ya dogara. Sun kuma karantar da mu yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Abin lura kuma shi ne, ba mu cika tuna ƙaddara ba sai a inda dubawa za ta ci mana lokaci. Mai fiton da ya ce ba sai ya duba jirgi ba tun da Allah ke kiyayewa, shi ne zai ƙirga kuɗin fito sau biyu kafin ya sa a aljihu. Tawakkalin da ya tsallake aljihu ya sauka a kan ran fasinja, akwai alamar tambaya a kansa.

Na biyu su ne masu cewa dubawa ta mai ƙoshi ce. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi. Mai jirgin sama na kansa in ya ga tsaga ya fasa tafiya, ba zai kwana da yunwa ba. Mai fito kuwa in ya ga yoyo ya ajiye jirgi a ranar kasuwa, ran nan ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Mutum yakan ƙi dubawa don yana tsoron abin da zai gani, tun da in ya gani ba shi da kuɗin gyara. Na yarda talauci yana rage zargi, kuma yana ɗora wani kaso na nauyin a kan hukumomin da ya kamata su samar da gadoji, da jirage masu inganci, da rigunan kariya. Amma bai ɗauke wajibin ba, saboda fasinjan ma talakawa ne, kuma ba a shawarce su ba. Ban da haka, dubawa ba kullum take ƙarewa da fasa tafiya ba. Wanda ya san inda jirginsa ke da rauni zai iya rage lodi, ya yi sawu biyu maimakon ɗaya, ya zaunar da yaro da ƙwarya kusa da wurin yoyon, ya kauce wa inda ruwa ke murɗawa. Wanda bai duba ba, ko wannan ɗan zaɓin ba shi da shi.

Na uku ita ce kunya, kuma ita ce ta fi kama mu. Da wuya saurayi ya dubi dattijon da ya riga ya sa ƙafa cikin jirgi ya ce, "Baba, a yi haƙuri a jira sawu na gaba." Da wuya matuƙi ya dubi manyan baƙin da suka yi shiri suka zo filin jirgi ya ce hazo ya yi yawa, yau ba tafiya. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin ruwa da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa garin Ɓagwai a Jihar Kano ya kife a madatsar Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da za su taron Mauludi, kuma rahotanni sun nuna an yi masa lodi fiye da kima. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mashigi ya san yadda irin wannan lodi ke taruwa: ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa, babu mai son ya zama wanda ya hana. A nan nauyin ya hau kanmu mu fasinja. Muna yabon direban da ya yi sauri, muna yi wa mai dubawa tsaki, muna kiransa matsoraci. Alhali kakanninmu sun riga sun yanke hukunci cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Al'ummar da ke son masu dubawa dole ta koyi girmama mutumin da ya ce a'a.

Na huɗu su ne masu cewa abin da ake yi kullum yakan zama al'ada maras rai, hannu na shafa katako, zuciya tana kasuwa. Wannan gaskiya ne, kuma matuƙan jiragen sama sun san da shi, shi ya sa ake koya musu su taɓa abin da hannu, su faɗi sunansa da baki, kuma in an katse su a tsakiya su koma baya su sake. Maganin dubawar da ta mutu shi ne a raya ta. Mai dubawa na gaskiya yana shiga jirgi ne da zaton yau zai sami matsala, kamar yadda Kawu ke danna toshiyar da ya danna jiya, bai ɗauki lafiyar jiya a matsayin shaidar ta yau ba. A ƙarƙashin wannan akwai tawali'u, wato mutum ya yarda cewa idonsa na iya tsallake abu, ƙwaƙwalwarsa na iya gaya masa ya yi abin da bai yi ba, komai daɗewarsa a sana'a.

Wahalar wannan hali ita ce ba shi da lada a idon mutane. Wanda ya faɗa ruwa ya ceto yaro, gari zai san sunansa. Wanda ya danna toshiya da safe ya ga ta saki ya sake ta, har yaron bai faɗa ruwan ba, babu mai gode masa, domin babu wanda ya san an yi wani abu. Kawu ya yi shekaru fiye da talatin yana fito, kuma abin da zai nuna kawai shi ne babu labari. A da ina ganin wannan ƙaramin abu ne. Yanzu na san kowace safiya cikin shekarun nan sai da ya sayi wannan rashin labarin da minti goma da jiƙaƙƙiyar gwiwa.

Bara da na koma gida bayan kammala karatu, na same shi zaune a ƙofar gida, ƙafa ta hana shi shiga ruwa, wani ɗansa ne ke riƙe da jirgin. Na zauna a gefen tabarmarsa na ce, "Kawu, akwai wata magana da na daɗe ina so in faɗa maka." Na ba shi labarin ranar jana'izar tun daga farko. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi murmushi ya ce, "Ai na sani tun a ranar. Wanda ya duba jirgi gwiwarsa takan jiƙe, taka kuwa ƙura ce a jiki. Ni na riga na duba shi tun da asuba kafin a aiko kirana. So na yi in ga ko ka isa a bar maka."

Na tambaye shi dalilin da bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Faɗan me? Ba ka lura har ka gama sakandare ban taɓa miƙa maka gora ba?"

Na lura, amma a lokacin na ɗauka don ina ɗan boko ne. Na tashi daga wurinsa da sanin cewa mutanen da na ɗauka ran nan ba sa'ata ce ta haye da su ba, aikin wani ne da ya yi a cikin duhu ba tare da ya gaya wa kowa ba. Wannan bai wanke ni ba, domin lokacin da na ce na duba ban san ya duba ba. Abin da ya ƙara mini shi ne tsoro. A shekara 14 akwai wanda ya riga ni shiga jirgin. Matuƙin da ke tsaye shi kaɗai a gaban ƙaramin jirginsa da sassafe ba shi da wannan gatan, haka ma ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da allura a tsakar dare, da direban da zai ɗauki 'yan kasuwa daga Haɗeja zuwa Kano. Ni ma yanzu da na girma na fara karɓar aikin da wasu za su dogara da shi, babu mai riga ni dubawa. In aka tambaye ni ko na duba, abin da na faɗa shi za a hau.